Mudasiru Mai Hula da Ƙashin Gindin Kaɗanya

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a unguwar Lamashegu ta Tamale ya san Mudasiru, kuma ba kowa ne ya ji daɗin sanin ba. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai facin babur da wata mai sayar da katin waya, faɗinsa bai wuce tabarma ɗaya ba. Shekara arba'in ke nan yana wanke hula, ya ba ta sitaci, ya kifa ta a kan kututturen da aka sassaƙa kamar kan mutum, ya jera a rana. Aiki kam ya iya, ko mai ƙinsa ba ya musun wannan. Da hannunsa kaɗai ke aiki bakinsa na hutawa, da ya yi suna mai kyau a Tamale.

Amma Mudasiru bai ɗauki kansa mai wankin hula ba. A ganinsa shi masani ne, iliminsa kuwa kan ɗan Adam. Tef ɗin awo ba ya rabuwa da wuyansa, har masallaci da shi yake zuwa. In ka zo sayen hula sai ya zagaye kanka da tef, ya duba lamba, sannan ya shafa ƙeyarka da tafin hannu kamar mai zaɓen kankana a kasuwa, ya gaya maka asalinka ba tare da ka tambaya ba. Wannan Bazabarme ne, wancan Mosi, wannan kuwa kakansa da ƙunshin itace ya shigo gari. "Baki na ƙarya, takarda na ƙarya," in ji shi, "kai ba ya ƙarya." In ka ce ai mahaifinka mutumin wuri kaza ne, sai ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya ce, "To, ka koma gida ka tambayi tsohuwarka." Sau biyu wannan magana ta jawo masa mari, a na biyun har hular kansa ta faɗa kwata. Bai ɗauki darasi ba. Cewa ya yi gaskiya ce mai ɗaci.

Duk wannan awo wuri ɗaya yake dosa: kowane kai a garin nan ƙasa yake da nasa. Shi jikan Madugu Ɗanjuma ne, falke mai ayarin goro, wanda ya taso daga Kano ya zauna Salaga, daga baya ya dawo Tamale lokacin da Turawa suka mai da ita babban gari. Wannan kam gaskiya ne, an yi Madugu Ɗanjuma. Sauran kuwa Mudasiru ne ya yi ta ƙara wa miya ruwa. Jakunan ayarin da suka fara a talatin sun kai ɗari uku kafin ya yi furfura. Kakarsa Bafulatana ce fara sol, a ranar da labari ya yi masa daɗi har da jinin Larabawa. Shi kansa bai taɓa taka Kano ba. Iyakar tafiyarsa Kumasi sau biyu, sai wani ɗaurin aure a Bolga. Hausar da yake taƙama da ita a rediyo ya tsince ta, ya riƙa bulala da ita a unguwa. Mutanen zango ba su cika damuwa da "ya" da "ta" ba, magana dai ta isa inda aka aike ta. Amma ka kuskura ka ce a gabansa, "Matata ya tafi kasuwa," sai ya ajiye burushi ya dube ka da tausayi ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ashe namiji ka aura."

Tasa matar, Ajara, 'yar Dagomba ce daga Kasalgu. Shekara talatin da biyar tana dafa wake da shinkafa tana sayarwa a ƙofar wata makaranta, tukunyarta ce ta yi wa 'ya'yansu biyar karatu. A shago kuwa Mudasiru cewa yake taimakonta ya yi da ya aure ta, ya tsoma ta cikin gida mai asali. Ajara ta daɗe da daina ba shi amsa. Ta ajiye masa tuwo, ta rufe, ta koma wajen maƙwabta inda ake hira mai ma'ana.

Kada a zalunce shi, ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, bai taɓa musanya hular wani ba. Ƙaramin mutum ne kawai da ya gina wa kansa doguwar kujera a zuci ya hau, yana leƙo jama'a daga sama.

Yana da yaya mace, Hawawu, wadda ta girme shi da shekara goma sha huɗu. Tana zaune a Choggu wajen ɗanta Abdul-Razak, malamin makaranta, a ɗan abin da ya rage na gonar gidansu bayan gari ya cinye sauran. In Mudasiru ya fara labarin Madugu a gabanta, tsaki ɗaya take ja ta ci gaba da tsince wakenta. Shi kuma ya ɗauki tsakin a matsayin jahilcin mata.

A bayan gidan Abdul-Razak akwai wata tsohuwar kaɗanya. Mahaifin su Mudasiru da Hawawu, Malam Moro, da ciwon ajali ya kama shi, ya tara su ya ce, "Gindin kaɗanyar nan ta gona, kada wanda ya haƙa, kada wanda ya yi bawali. Da namu a wurin." Bai ƙara ba, kwana biyu ya cika. Mudasiru bai tambayi kowa ba ya yanke hukunci: Madugu ne ke kwance a wurin. Wa kuma za a ce "namu" in ba shi ba? Wasu tsofaffi sun ce su kam sun ji a Salaga Madugu ya rasu, a wata tafiya. Mudasiru ya ce hassada ce irin ta waɗanda ba su san kabarin kakanninsu ba.

Haka aka zauna shekara talatin, har wata damina da ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi da la'asar. Ta kwashe kwanon gidaje, ta karya allunan talla, ta tumɓuke kaɗanyar nan da saiwarta. Da gari ya waye Abdul-Razak ya je duba ɓarna, sai ya ga ƙoƙon kan mutum a maƙale cikin saiwa, ja da ƙasa, da wasu ƙasusuwa a bakin ramin. Ya yi salati, ya lulluɓe da zane, ya buga wa 'yan sanda waya kamar yadda doka ta ce, sannan ya buga wa kawunsa. Daga baya ya ce da ya sani da bai yi ta biyun ba.

Mudasiru ya riga 'yan sanda isowa. Ya sauko daga yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, cikin babbar rigarsa ta Idi, a safiyar Talata, a cikin taɓo. Mutane sun cika bayan gidan. Ya ratsa su yana cewa a ba jini hanya, ya yaye zanen, ya ɗauki ƙoƙon kan da hannu biyu.

"Kawu, ka bari hukuma ta zo," in ji Abdul-Razak.

"Hukuma ta san kakana ne?"

Ya ciro tef ya zagaye kan, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "Ku duba goshi! Ku duba tsawon kai! Wannan ba kan mai noman doya ba ne. Wannan kan Bakano ne, namiji, jarumi, mai rawani. Ku dubi ƙeyar nan," ya cire hularsa ya juya musu baya, "ku dubi tawa. Akwai bambanci?" Wasu suka ce babu, don a rabu lafiya. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Kafin azahar rabin Tamale ta ga ƙeyar Mudasiru.

'Yan sanda suka zo suka kewaye wurin da igiya, suka yi masa faɗa kan taɓa abin da ba a ba shi ba, aka tattara ƙasusuwan a hankali cikin kwali aka kai asibiti. Suka ce sai masaniyar ƙashi ta zo daga wata jami'a a kudu ta duba, a tabbatar ba kisan kwanan nan ba ne, a kuma san ko waye. Mudasiru ya ce ɓata lokaci ne, shi ya riga ya duba.

Mako uku aka yi ana jira, kuma a cikin makon ukun nan bai wanke hula ko goma ba. Ya zaga masallatan zango yana sanar da cewa Allah ya bayyana Madugu. Ya sa aka buga ƙaton ƙyalle mai hoton wani dattijo mai rawani da aka samo masa a waya, wanda ba wanda ya san ko ɗan wace ƙasa ne, aka rubuta sunan Madugu Ɗanjuma a ƙasa, aka rataye a ƙofar gidan Abdul-Razak ba tare da an tambayi mai gidan ba. Ya fara maganar gina hubbare, da taron addu'a duk shekara, da shi a matsayin mai kula. Ya sayi farin yadi na likkafani ya ajiye. Hawawu tana ji tana gani, ba ta hana shi ba. Amma dare da rana tana zaune a bakin ramin kaɗanyar da carbi, abin da Mudasiru ya fassara da cewa ta dawo hanya.

Ranar da aka kira iyali, su uku suka je: Mudasiru, Hawawu da sandarta, da Abdul-Razak. Aka shigar da su wani ɗaki mai sanyi a bayan asibiti. A kan dogon tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, an jera ƙasusuwan daga kai har ƙafa, kowanne a mazauninsa, da giɓi a inda ƙasa ta cinye. Wata mata 'yar siririya cikin farar riga da mayafi ta tarbe su. Sunanta Dakta Suhuyini, haifaffiyar garin ce, aikinta karanta ƙashin matattu in 'yan sanda sun rasa ko na waye. Ta rusuna ta gaida Hawawu da Dagombanci, tsohuwar ta amsa. Da ta juyo wajen Mudasiru ya amsa da Hausa, da ƙyar, yana dubanta daga sama har ƙasa. Wannan ce aka yi mako uku ana jira? A ransa ya auna kanta ta cikin mayafin ya ajiye ta inda yake ajiye irinta.

"'Yata," ya ce, "kada ki wahalar da kanki. Ki rubuta Madugu Ɗanjuma Bakano, ki ba mu gawarmu."

"Baba, bari in nuna muku abin da na gani, sai ku ce."

Hausarta irin ta zango ce, gaurayayya da Turanci. Ta fara da cewa ƙashin ya daɗe a ƙasa, ya haura shekara sittin, babu alamar sara ko harbi, saboda haka 'yan sanda sun cire hannu. Mai shi ya wuce shekara hamsin da haihuwa, haƙora da gaɓoɓi sun nuna haka. Mudasiru yana ta gyaɗa kai kamar malamin da almajirinsa ke biya karatu daidai. Sai ta matsa tsakiyar tebur ta ɗauki ƙashin ƙugu.

"Kai yana ba da shaida, amma shaidarsa ba ƙarfi sosai. Wannan goshin sumul yake, tudun bayan kunne ƙarami, haɓa siriri. Duk da haka akwai namiji mai irin wannan. Ƙugu ne ba a musu da shi. Duba faɗin ƙofar nan. Duba wannan lanƙwasa, babban yatsana yana yawo a ciki. Na namiji matsattse ne. Allah ya buɗe wannan don ɗa ya wuce. Baba, shi mace ne."

Mudasiru ya yi dariya har da tafa hannu. Ya juya wajen Abdul-Razak. "Ka ji? 'Shi mace ne.' Wadda ba ta san mace da namiji a baki ba, ita za ta sani a ƙashi?"

"To, ita mace ce," in ji Dakta Suhuyini, ba ta ko ɗaga murya ba. "Na gyara maganar. Ƙashin yana nan yadda yake."

"Shekara arba'in ina auna kai!"

"Kana auna gashi da fata da nama, Baba, don hula ta zauna. Aiki ne mai kyau. Amma ba shi ne wannan ba."

Mudasiru ya gyara tsayuwa. Ya sake shiri. To, in mace ce, ai sai kakarsa Bafulatana, matar Madugu. Ya faɗi haka da ƙarfi, ya ce ta duba karan hanci ta rubuta.

Ta girgiza kai. Ta ce ta auna ƙoƙon kan ta fuskoki da dama, ta gwada da awon dubban mutane da ke cikin na'ura. Iyakar abin da za ta iya sa hannu a kai shi ne mai yiwuwa matar 'yar wannan yanki ce na Afirka ta Yamma, kuma ko wannan sai da "mai yiwuwa" a gabansa. "Bahaushe, Bafulatani, Dagomba, Mosi, ba ƙashin da ke ɗauke da wannan rubutu. Mutanen nan sun yi shekara ɗaruruwa suna auren juna. Na sha ganin 'yan ɗaki ɗaya kansu bai yi kama ba. Hausa harshe ne, Baba, harshe kuwa nama ne, shi ke fara ruɓewa."

Abin da ƙashi ke riƙewa, in ji ta, shi ne wahalar da mutum ya sha. Ta nuna musu ƙashin wuya da ya goge ya yi kaifi a gefe, irin na wadda ta yi rayuwarta da kaya a ka. Ta nuna gwiwoyi. Ta nuna haƙoran gaba biyu na sama da aka fiƙe tun tana yarinya, ta ce al'ada ce da jama'a iri-iri suka yi a da, ba za ta iya cewa ta wane gari ba ce. Daga nan ta ɗauki sangalin hannun hagu. Ya taɓa karyewa, ya haɗe a karkace, da ƙulli a tsakiya kamar gaɓar rake.

"Ba a yi masa ɗori mai kyau ba. Wannan matar ba ta iya juya tafin hannunta sama."

Hawawu ta jingine sandarta a jikin tebur. Ta ɗaga hannunta na hagu, ta karkata shi ciki, ta dunƙule yatsu kamar mai miƙa abu a ɓoye.

"Haka?"

"Haka, Mma."

"Haka take ba ni 'ya'yan kaɗanya." Tsohuwar ta ɗora yatsa ɗaya a kan ƙullin ƙashin. "Sala ce."

"Wace Sala kuma?" in ji Mudasiru.

"Uwar ubanka."

Ta faɗa ba tare da ta dube shi ba, tebur take kallo. Madugu ya saye ta a Salaga tana yarinya ƙarama, zamanin da ake kama mutane a arewa ana kawowa kasuwa. Ba wanda ya san garinsu, ita ma ta manta sunansa. Sunan Sala ma a gidan aka sa mata. Da ta girma ta haifa wa Madugu ɗa, shi ne Moro, aka karɓe shi aka rene shi a cikin gida da sunan uwargida, ita kuma aka mai da ita bukkar gona tana tsinto kaɗanya tana man kaɗe. Hawawu tana da shekara shida ko bakwai mahaifinsu kan ɗora ta a keke su je gona. Yana isa sai ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar bukkar ya ce "Mma", wato uwa. A gari kuwa bai taɓa faɗin haka ba. Matar tana da wata waƙa da take yi in tana niƙa, cikin harshen da ba mai ji a gidan. A shekarar annobar sanƙarau Sala ta kwanta, kwana uku ta rasu. Mutane na gudun cutar, ba wanda ya yarda ya ɗauko ta zuwa maƙabarta. Moro da manoma biyu suka yi mata salla suka binne ta a gindin bishiyarta.

"Ina tsaye a kan kunyar gona ina kallo. Baba ya ce kada in faɗa, ban faɗa ba. Da bishiyar ta faɗi na yi zaton ita ce, amma na ce yarinya ce ni a lokacin, ko na ruɗe da wuri. Yanzu na ga hannun."

"Ƙarya ne, Yaya! Tsufa ne ke damunki!"

"Muda," ta ce, sai yanzu ta dube shi, irin duban da ake yi wa kaza ta shiga ɗaki, "shekara nawa kana cika mana kunne da Bafulatana? Ka taɓa tambayata? Ni na ga matar da ido. Kai ko cikinka ba a yi ba."

Mudasiru ya kau da ido daga kanta. Ƙoƙon kan yana can ƙarshen tebur yana fuskantarsa da haƙoransa fiƙaƙƙu, irin haƙoran da ya sha yi wa kakannin wasu gori a kansu. Abdul-Razak, wanda ya yi mako uku yana haɗiye haushin ƙyallen da aka rataya masa a ƙofa, ya ce a hankali, "Kawu, ai kai da bakinka ka ce ƙeyar irin taka ce. Jama'a duk sun ɗauka a waya."

Dakta Suhuyini ta ce ita ba za ta iya rubuta suna da ƙashi kaɗai ba, sai dai ta rubuta cewa abin da Mma ta faɗa ya dace da abin da ta gani. In suna son tabbaci, akwai gwajin jini na zamani: a goga auduga a cikin kumatun ɗayansu, a gwada da haƙorin matar, in ƙasa ba ta lalata shi ba. Ta dubi Mudasiru. Ya damƙe leɓɓansa kamar an ce za a ɗura masa guba, ya ce ta cikin haƙora ba mai sa masa tsinke a baki. Hawawu ta ce ita ba ta bukatar auduga ta gaya mata kakarta. Ya tattara babbar riga ya fice, bai yi wa kowa sallama ba.

Ranar Juma'a aka yi jana'iza. Hawawu ta aika a karɓo farin yadin da ya saya, ya ce ba ya nan. Ajara ta shiga ɗaki ta ɗauko ta kai da kanta, ta ƙara da wani sabon farin mayafi nata, don likkafanin mace ya fi na namiji yawan ƙyalle. Ita da Hawawu suka naɗe ƙasusuwan. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata, Dagomba da Zabarmawa da Mosi da Hausawan zango, da yawansu waɗanda Mudasiru ya taɓa shafa wa ƙeya. Wasu don Allah suka zo, wasu kuwa, a faɗi gaskiya, don su ga fuskarsa. Ba su gan ta ba. Ya aiko cewa zazzaɓi ya kama shi. Aka kai Sala maƙabarta aka sa ta cikin mutane, Abdul-Razak ya sauka ramin ya karɓe ta.

Kwana tara shagon yana rufe. Masu hula suka fara kai wa wani a Kasalgu. Mai hankali zai ce a cikin kwana taran nan mutumin ya zauna ya yi wa kansa hisabi, ya tuna mahaifinsa durƙushe a ƙofar bukka ba takalmi, ya ji kunyar abin da ya yi shekaru yana gaya wa bayin Allah. Wanda ya zaci haka bai san Mudasiru ba. Tunani kam ya yi, amma na yadda zai fito ne.

A rana ta goma ya buɗe shago da sabon labari. Ashe kakarsa 'yar sarki ce. Mahara ne suka sace ta daga wata babbar masarauta a arewa, Madugu ya gane jininta ya fanshe ta, ya ɓoye ta a gona don kada maƙiya su gano. Haƙoran nan fiƙaƙƙu alamar gidan sarauta ce, talaka bai isa a yi masa ba. Shi tun ranar farko ya ga haka a goshin, ya yi shiru ne kawai don ya gwada 'yar likitar nan, wadda ta kasa faɗin ko ƙabilar matar duk da na'urarta. Wace masarauta? Ya ce ba a faɗi a bakin titi. Kafin watan ya ƙare masarautar ta samu dawaki da ganuwa.

Mai facin babur ya saurara sau ɗaya ya ce, "Malam Muda, kai dai ko rijiya ka faɗa sai ka ce wanka ka shiga." Aka yi dariya, shi ma ya yi, don ya ɗauka yabo ne.

Ƙyallen mai hoton dattijon kuwa, Abdul-Razak ya sauke ya aika masa gida. Ajara ta ga yadi ne mai kauri, ruwa ba ya ratsa shi, ta kifa hoton ƙasa ta yi rumfa da shi a wajen sana'arta.

Da kwana arba'in suka cika Hawawu ta yi sadaka a Choggu. Ta sa aka dafa tuwo da miyar kuka da man kaɗe, ta ce abin da matar ke ci ke nan. Wannan karon Mudasiru ya zo, ya zauna a sahun gaba kusa da liman, yana karɓar gaisuwa a matsayin babban jika namiji. Da aka shafa fatiha ya gyara murya zai yi wa jama'a bayanin masarautar. Hawawu ta leƙo daga zaure, ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya.

"Muda, an sayar da ita sau ɗaya tana da rai. Ba za ka sake sayar da ita a ƙofar gidana ba. Ci tuwo."

Ya ci. Malmala uku ya ci, ya suɗe hannu, ya sa aka ƙulle masa saura a leda. A hanyar komawa ya gaya wa mai yalo-yalon da ya ɗauko shi cewa miyar ba ta ji gishiri ba, kuma mutanen Choggu har yau ba su iya tarbar manya ba.